Kwalin Faifai: Fuskar Mawaƙi da Shaidar Mallakarsa a Kasuwar Waƙa

Tsakure

Wannan takarda ta dubi kwalin da ake saka faifan CD a cikinsa, da irin aikin da ya yi wajen tallata mawaƙa. Ta bi sawun al'adar ƙawata bangon faifai daga Amurka zuwa Legas, sannan ta yada zango a Kano, inda kwali ya taɓa zama ainihin hajar da mai aiki yake sayarwa. Abin da take son tabbatarwa shi ne kwali ya riƙa nuna fuskar mawaƙi, yana tsare masa haƙƙinsa, yana kuma adana sunayen waɗanda suka yi aikin tare da shi. Hanyoyin da suka gaji faifai sun karɓi fuskar, sun bar sauran a ƙasa.

1.0 Gabatarwa



Akwai wani kwalin faifai da ke kan teburina tun da na fara wannan rubutu. Tsawonsa da faɗinsa ɗaya ne, santimita 12 da rabi. Gefunansa sun yi laushi saboda yawan riƙo, ledar da aka shafe shi da ita ta fara ɗagowa daga kusurwa guda. A gabansa ga mawaƙi cikin farar shadda, ya karya hula, ya dafa ƙirji da hannun dama. A bayansa an jera waƙoƙi goma, sai lambobin waya biyu, da sunan shagon dillali, da wani gargaɗi da jan rubutu cewa ba a yafe wa duk wanda ya kwafa ba. Can ƙasa, da ƙananan haruffan da sai na matso da fitila nake iya karantawa, aka rubuta sunan wanda ya buga fiyano da sunan wadda ta yi amshi. Faifan da ke ciki ya daɗe da karcewa, ko an saka shi ba ya tashi. Amma duk abin da na sani game da mutanen da suka yi wannan aiki, a jikin kwalin nan na same shi.

Masu nazarin waƙa a sassan Hausa na jami'o'inmu sun yi aiki mai tarin yawa a kan jigo da salo, da zubi da tsari, da tarihin makaɗa. Mazubin da waƙar ta iso hannun mai sauraro a cikinsa kuwa, da wuya a ga wanda ya waiwaye shi. Ina ganin wannan giɓi ne, domin mai saye ba ya fara jin waƙa a kasuwa sai ya fara ganin kwali.

In na ce kwali a wannan takarda, ina nufin jakar takarda mai kauri da ake zura faifai a ciki, da kuma mai ninki biyu ko uku da ke buɗewa kamar littafi. A bakin 'yan kasuwar Kano kalmar ta haɗa har da bangon kaset na bidiyo, kuma zan taɓo wannan ma'anar in mun isa wurin.

2.0 Inda al'adar ta samo asali

Faifan garmaho na farko ba shi da fuska. A cikin takarda mai ruwan ƙasa ake sayar da shi, an huda tsakiyarta don a ga tambarin kamfani. A wajajen 1940 ne wani matashin mai zane da ke aiki da kamfanin Columbia a Amurka, Alex Steinweiss, ya shawo kan shugabanninsa suka bar shi ya yi wa kundin waƙa zane na kansa. Da kamfanin ya fito da babban faifai mai dogon zango a 1948, shi ne kuma ya tsara jakar kwalin da za ta ɗauke shi. Wannan jaka, mai kimanin santimita 31 kowane gefe, ita ce kakar duk kwalin da muke magana a kai. Kafin a daɗe abin ya zama sana'a mai zaman kanta, har kyautar Grammy ta ware masa rukuni tun daga bikinta na farko a 1959.

Da kamfanonin Sony da Philips suka shigo da CD kasuwa a 1982, sai filin mai zane ya tsuke. Faifan santimita 12 ne, takardar da ke gaban akwatinsa na roba kimanin kashi ɗaya cikin bakwai ce na filin tsohon bango. Akwatin roban kansa yana da nasa aibin. Maratayin murfinsa kan karye da an yar da shi sau ɗaya, haƙoran da ke riƙe faifan a tsakiya kan kakkarye, kuma yana da nauyi: shi da faifansa sukan kai kusan giram 100, alhali faifan shi kaɗai bai fi giram 16 zuwa 20 ba. A Amurka har wani dogon kwali aka ƙirƙiro, inci 6 a faɗi, inci 12 a tsayi, don CD ya zauna a kantocin da aka ƙera wa manyan faifai, ya kuma yi wa ɓarawo wuyar sakawa a aljihu. Mai saye yana isa gida yake yar da shi. Ƙorafin ɓarnar takarda ya sa aka daina shi a 1993.

A tsakanin waɗannan matsaloli ne kwali ya dawo. Kamfanin AGI ya fito da samfurin da ake kira Digipak, wato kwali mai ninki da aka manna masa farantin roba a ciki. A Japan kuma aka riƙa sake buga tsofaffin kundaye a cikin ƙaramin kwafin bangonsu na asali, ba a rage ko layi ɗaya ba. A can, kwali alamar tsada ce da daraja. A wajenmu, kamar yadda za mu gani, talauci da satar fasaha ne suka kawo shi.

3.0 Legas: bango mai magana da kwali mai araha

Ba za a yi zancen bangon faifai a Nijeriya a tsallake Lemi Ghariokwu ba. Yaro ne da bai cika shekara ashirin ba, wanda ya koya wa kansa zane, lokacin da ya haɗu da Fela Kuti a 1974. Daga kundin Alagbon Close na wannan shekara zuwa gaba, ya zana wa Fela banguna 26. Wanda ya riƙe ɗaya daga cikinsu ya san ba kallo ɗaya ake yi masa a ajiye ba. Akwai sojoji da 'yan sanda, da talakawa a cunkushe, da rubuce-rubuce a kowane lungu, kamar shafin jarida. A bangon Beasts of No Nation na 1989 ya zana Margaret Thatcher da Ronald Reagan da P. W. Botha da ƙahoni da fiƙoƙi. A zamanin da gidajen rediyon gwamnati suke ƙin saka waƙoƙin Fela, bangon da ke rataye a shago yana isar da saƙon tun kafin allura ta taɓa faifai.

Darasin da na ɗauka daga wannan haɗin gwiwa shi ne daɗewar da suka yi tare. Hannu ɗaya ya yi ta zana wa murya ɗaya shekara da shekaru, har ya zama ko daga nesa mutum ya hango bangon ya san na wane ne. Irin wannan ba ya samuwa ga mawaƙin da ke sauya mai zane kowace fita, yana neman wanda ya fi sauƙin kuɗi.

Da CD ya mamaye kasuwa, ragamar rarraba waƙa ta koma hannun 'yan kasuwar Alaba a Legas. Su ne suka yaɗa siririn kwalin nan da kowa ya sani, wanda ba shi da roba ko kaɗan. Dalilinsu a fili yake. Faifai na asali a akwatin roba ba zai iya gogayya da na sata a farashi ba, don haka sai aka sauke kuɗin na asalin ta hanyar rage mazubi. Siririn kwali ba ya fashewa a buhu, kwali ɗari ba su kai nauyin akwatin roba talatin ba, kuma yaro mai talla zai iya baza goma a hannu ɗaya yana bin motoci a cunkoso. Ta wannan hanya ce taurarin Legas na farkon shekarun 2000 suka shiga kowane gari.

4.0 Kano: inda kwali ya zama shi ne haja

A Kano labarin ya fi haka zurfi, kuma nan nake so in ɗan daɗe.

Masana'antar finafinan Hausa, wadda akan ƙirga farkonta daga fim ɗin Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990, ta ginu ne a kan kasuwar kaset da ta riga ta kafu a Ƙofar Wambai. 'Yan kasuwar wurin suna da injinan kwafi da hanyoyin kai kaya har Yamai da Kumasi da Garwa tun lokacin da suke kwafar finafinan Indiya da wa'azi da waƙoƙin makaɗan gargajiya. Manazarci Brian Larkin, a maƙalarsa ta 2004 da kuma littafinsa Signal and Noise na 2008, ya bayyana tsarin cinikin da ya kafu a tsakanin masu shirya fim da waɗannan dillalai. Mai fim zai ba dillali kaset na asali, ya kuma buga kwalaye ya kai masa. Dillali shi ke sayen kaset maras komai, ya kwafa da injinsa, ya saka a kwali ya sayar. Kuɗin mai fim yana kan adadin kwalin da aka sayar. Wato abin da ke cikin kaset ɗin kowa na iya ninka shi, amma kwali a hannun mai aiki yake, kuma shi ne ma'aunin haƙƙinsa.

Wannan ya cancanci a tsaya a kansa. A wancan lokaci dokar haƙƙin mallaka ta 1988 tana nan, hukumar da ke kula da ita tana nan, amma a zahiri abin da ya tsaya tsakanin mai fasaha da asara shi ne takardar da ya buga da kuɗinsa ya ƙirga da hannunsa. Shi ya sa tambayar da ake yi a kasuwa ita ce, "Kwali nawa ka buga?" Shi ya sa kuma mafi munin cin amana a wannan sana'a shi ne a buga kwalin mutum a bayan idonsa. Da kaset ya ba faifai wuri, harshen cinikin bai sauya ba, mawaƙa kuma suka gaje shi.

A nan ne batun tallata mawaƙi ya shigo da ƙarfinsa. Farfesa Abdalla Uba Adamu ya yi rubutu da yawa a kan yadda waƙa da rawa suka zama abin da ke sayar da fim ɗin Hausa, musamman bayan fim ɗin Sangaya na 1999. Mutane da dama waƙar suke bi su sayi fim. Sai dai fuskar da ke kan kwalin ta jarumi ce da jaruma, waɗanda suke motsa baki a kan muryar wasu. Wanda ya rubuta baitin, da wanda ya rera, da wanda ya zauna gaban fiyano a sitidiyo har dare ya raba, sunansu kan zo a ƙarshen fim, lokacin da 'yan kallo suka miƙe. Muryoyi irin na Misbahu M. Ahmad da Rabi Mustapha sun shiga gidaje bila adadin tun kafin yawancin masu sauraro su san kamanninsu. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Abin da ya gyara wannan, a ganina, shi ne ranar da mawaƙi ya fara fitar da kundi da sunansa, hotonsa a gaba. Zuriyar su Aminu Ala da Nazifi Asnanic da Ali Jita da Nura M. Inuwa da Umar M. Shareef da Fati Nijar sun zama taurari da ƙashin kansu, ana gane su a hanya, ana gayyatarsu biki da sunansu. Ba na cewa kwali shi kaɗai ya yi wannan. Gidajen rediyo na FM da suka yawaita a Kano sun taka rawa, bidiyon waƙa ma haka. Amma rediyo murya yake bayarwa, ta wuce. Kwali shi ne ya haɗa murya da fuska da suna a wuri ɗaya, ya zauna a kan talabijin ɗin gida wata da watanni, baƙo ya ɗauka ya juya, ya kwafi lambar waya don bikin ƙanwarsa. Ga mawaƙin da mafi yawan samunsa daga wasan biki ne, wannan lambar da ke bayan kwali ta fi ribar faifan kanta amfani.

Ga mawaƙa mata al'amarin yana da wani nauyi na daban. Saka hoton mace a kwalin da zai yi yawo a baro yana buƙatar yardar gida, kuma tun bayan kafa Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano a 2001 kowa ya san ana sa ido a kan shiga da tsayuwa a duk abin da za a baza a kasuwa. Saboda haka an sha ganin kundin da rabin muryoyinsa na mace ne amma hoton namiji ne kaɗai a gaba. Ban ga laifin wadda ta zaɓi ɓoye fuskarta ba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ɓoye sunanta tare da fuskar, domin suna ba ya keta haddin kowa.

5.0 Zanen kansa

Siririn kwali ba shi da ƙeya. Akwatin roba yana da gefe mai kaurin santimita ɗaya inda ake rubuta suna, don a jera shi a kanta kamar littafi. Namu kuwa in aka jera shi a tsaye ya ɓace. Dole a baza shi fuska a sama, a kan baro ko tabarma, ko a rataye a igiya, a tsakiyar wasu hamsin. Mai wucewa kallo ɗaya zai yi. Wannan ne ya haifar da salon da muka sani: babbar fuska, launi mai ƙarfi, suna da manyan haruffa masu inuwa. Waɗanda suke raina wannan salo suna kwatanta shi da na Turai sun manta cewa kowane zane kasuwarsa yake amsawa. Labarin zuciya a tambayi fuska, kuma mai zanen Kano ya san fuskar yake sayarwa.

Duk da haka akwai kurakuran da ba kasuwa ce ta tilasta su ba. Na taɓa zama kusa da wani matashi a wani shago a Titin Gidan Zu yana haɗa kwali da manhajar CorelDRAW. Hoton da aka kawo masa ƙarami ne, an turo ta waya, ya ja shi ya cika fili. A allo ya yi kyau. Amma maɗaba'a tana son ɗigo 300 a kowane inci, kuma allo da haske yake haɗa launi daga ja da kore da shuɗi, alhali injin ɗab'i da tawada huɗu yake aiki. Wanda bai juya launukansa zuwa tsarin tawada ba, shuɗinsa mai haske zai fito a dushe, fatar mutum ta yi ja ko ta yi duhu. Don gudun haka sai masu zane suka ɗauki ɗabi'ar haska fuska fiye da kima, har ka ga mawaƙi baƙi wuluk ya fito fari sol. Wannan yana cutar da tallar kanta, domin amfanin hoto shi ne a gane mutum in an gan shi. Yana kuma koya wa yaranmu cewa launinsu abin gyara ne. Haka nan wanda bai bar rarar milimita 3 a gefe ba, wuƙar yanka za ta cinye masa harafi ko ta bar farin layi.

Kuskuren da ya fi ci mini rai shi ne na haruffa masu lanƙwasa. Yawancin salon rubutun ƙawa da ke cikin kwamfuta ba su da ɓ da ɗ da ƙ, sai mai zane ya saka b da d da k ya wuce. Ta haka baƙi ya zama baki, ƙasa ta zama kasa, ɓata ya zama bata. Mawaƙin da ya kwana yana auna kalma don ta zauna daidai a baiti, sai a rubuta sunan kundinsa da kuskure a wurin da kowa zai fara gani. Da na yi wa matashin nan magana, ya ce mai karatu zai gane. Gaskiya ne zai gane, amma a kan wannan kwalin yaro ɗan firamare yake koyon yadda ake rubuta harshensa. Yau akwai salon rubutu na kyauta masu ɗauke da haruffanmu duka, har da ƴ da ake amfani da ita a Nijar, don haka uzurin ya ƙare.

Sai bayan kwali, wanda shi ne fili mafi daraja kuma mafi wulaƙanta. Da yawa ba a rubuta shekara. Ba sunan sitidiyo, ba sunan marubucin waƙa in ba shi ne ya rera ba. Lambar ISRC mai gurabe 12 da ke bambanta kowace waƙa a duniya, da lambar sanduna ta kaya wadda ta Nijeriya ke farawa da 615, da wuya a gan su. Filin da za su zauna an cika shi da gaisuwa ga iyayen gida. Gaisuwa al'adarmu ce, makaɗan fada ma da ita suka rayu, amma layi biyu sun ishi shekara da sunan makaɗi. Duk ɗalibin da ya taɓa ƙoƙarin tantance shekarar da wata waƙa ta fito ya san wahalar da rashin waɗannan layuka biyu ke jawowa.

Kwali yana da raunin kansa da ya kamata a faɗa. Ƙurar hunturu tana shiga ta bakinsa, kuma duk zurawa da zarowa tana karce faifai. Damina tana kumbura shi. Takarda mai nauyin giram 300 zuwa sama da aka shafe da leda tana jurewa, amma da yawa an buga su a kan wadda ba ta kai haka ba don a rage kuɗi.

6.0 Bayan faifai

Wayar hannu da memori sun kashe wannan kasuwa cikin 'yan shekaru. Masu tura waƙa suka kafa tebur da kwamfuta a kowace kwana, mutum ya ba da kuɗi kaɗan a cika masa waya da ɗaruruwan waƙoƙi. Waƙa ta yi nisan da faifai bai taɓa kaiwa ba. Sai dai tsirara ta tafi.

Labarin Mdou Moctar, makaɗin jita Buzu daga jihar Tawa ta Nijar, ya nuna fuska biyu na wannan al'amari. A Sakkwato ya naɗi kundinsa na farko, Anar, a 2008, da irin sautin sitidiyon mawaƙan Hausa. Waƙoƙin suka bazu daga waya zuwa waya har arewacin Mali, ba hoto, ba cikakken suna. A can wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya tsinci ɗaya a cikin waƙoƙin da yake tarawa daga wayoyin mutane, kuma sai da ya sha nema kafin ya gano mai ita. Ta fito a kundin Music from Saharan Cellphones a 2011, aka sake fitar da Anar da bangonsa a 2014, daga nan ƙofar duniya ta buɗe masa. Waya ta kai waƙar, amma sai da aka mayar mata da suna da fuska kafin mai ita ya ci moriyarta. Kamfanin Kirkley ɗin, Sahel Sounds, shi ne kuma ya fitar da Harafin So a 2013, tarin waƙoƙin finafinan Hausa a kan babban faifai mai bango, don masu saye na Turai da Amurka. Ya kamata mu tambayi kanmu me ya sa irin wannan kulawa da kayanmu sai daga waje take zuwa.

Manhajojin sauraro irin su Audiomack da Boomplay, da Spotify da ya shigo Nijeriya a 2021, sun dawo da hoto. Sukan nemi a ɗora shi da girma, har ɗigo 3000 kowane gefe, amma mai sauraro a girman babban yatsa yake ganinsa. Gaban kwali ya tsira ke nan, bayansa ne ya ɓace. Wasu manhajojin suna da gurbin sunayen marubuci da makaɗi, sai dai sai mai ɗora waƙar ya cike, kuma wanda bai saba rubutawa a takarda ba ba zai fara a waya ba.

Kada kuma a ɗauka mazubin da ake taɓawa da hannu ya mutu ko'ina. A Amurka an sayar da manyan faifai fiye da CD a 2022, karo na farko tun 1987, kuma bango na cikin abin da masu sayen ke nema. A Koriya ta Kudu kundin FML na ƙungiyar Seventeen ya haura kwafi miliyan 6 a 2023, a hannun matasan da suke da waƙoƙin a wayoyinsu tun kafin su saya. Littafin hotuna da katunan da ke cikin kwalin suke biya. Ba na kiran mu kwaikwayi wannan, domin ɓarnar takarda da roba da ke cikinsa ta yi yawa, aljihunmu ma ba ɗaya ba ne. Amma muna da namu wurin da kwali yake da aiki har gobe. A taron ƙaddamar da kundi, babban baƙo yana son abin da zai ɗaga sama a gani in ya ambaci gudummawarsa. A wurin biki, kwali mai ninki da ke ɗauke da baitocin waƙa cikin ingantacciyar Hausa, da sunan kowa, da lambar da za a haska da waya a saurara, kyauta ce da za a ajiye. Ɗari biyu ko uku sun isa, ko da faifai a ciki ko babu.

7.0 Kira

Kirana na farko ga mawaƙa da masu sitidiyo ne. Duk aikin da zai fita, a takarda ko a intanet, a rubuta shekara da wuri, da sunan wanda ya rubuta, da wanda ya kiɗa, da wadda ta yi amshi, da wanda ya zana. A ba wani da ya san ƙa'idar rubutu ya duba kafin a kai maɗaba'a.

Na biyu ya fi gaggawa. Shagunan da suka tara kwalayen shekara ashirin sun koma sayar da caja da murfin waya, kuma ragowar kayan ana ƙulla gyaɗa da su ko a hura wuta. A jikinsu akwai tarihin tufafinmu da rubutunmu da sunayen ɗaruruwan masu fasaha da ba a rubuta su a ko'ina ba. Gidan Ɗan Hausa a Kano, da Gidan Arewa a Kaduna, da cibiyoyin nazarin harsuna na Jami'ar Bayero da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, da cibiyar horar da makaɗa ta Elhaji Taya a Yamai, kowannensu zai iya ware kabad ɗaya da na'urar ɗaukar hoton takarda, ya ɗora ɗalibi ɗaya a kan aikin. A ɗauki gaba da baya, a rubuta inda aka samo.

Malamaina da 'yan'uwana, da yawanmu muna da buhu ko akwati na irin waɗannan kwalaye a ƙarƙashin gado ko a ɗakin ajiya. Ina roƙon kowa ya duba nasa kafin damina ta gaba, ya kakkaɓe, ya kai sashensu.